Larabcin aji da Larabcin titi: shekarata ta farko a Alƙahira

Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa yakan ɗauka Larabci ya riga ya shiga aljihunsa. Ya sauke Alƙur'ani, ya bi ƙananan littattafan fiƙihu a gaban malam ana ja masa baƙi ana fassarawa kalma bayan kalma, ya taɓa nahawu har yana iya faɗa maka dalilin da ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki wasalin ƙasa. Ilimi ne na gaske, kuma ban yarda a raina shi ba. Sai dai rabon ido ne da ƙwaƙwalwa. Baki da kunne ba su samu nasu ba, domin a zaure Larabci ake karantawa amma da Hausa ake magana. Da irin wannan guzuri na tafi Masar daga Zariya, kuma yawancin 'yan'uwanmu da na tarar a can da shi suka je.

Tun kafin a ga jirgi takardu suke fara koya wa mutum haƙuri. Fasfo, takardar shaidar gama sakandare, takardar haihuwa, duk sai an kai Abuja an buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje, sannan a kai ofishin jakadancin Masar su ma su buga nasu. Ga katin allurar rigakafin shawara, wanda za a nema a filin jirgi. Wani da ya riga ni zuwa ya aiko mini da saƙo cewa in wanko hoton fasfo mai farin bango da yawa, in yi kwafin kowace takarda ba adadi. Na ɗauka zuzutawa ce, ashe ma ragewa ya yi. Ranar tafiya Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya ce, "Ka riƙe salla, ka riƙe mutuncinka, kada ka ci bashi a ƙasar mutane." Daga Kano jirgi ya ɗauke mu kai tsaye, ƙasa da awa biyar muka sauka.

Wani babban ɗalibi ɗan Damagaram ne ya tarye ni, ya kai ni gidan da suke haya a Hayyul Ashir, can gefen Madinatu Nasr. Unguwa ce da baƙar fata suka yi yawa: 'yan Sudan, 'yan Somaliya, 'yan Chadi, 'yan Senegal, da namu na Najeriya da Nijar. Waɗanda suka zo da gurbin karatu na Azhar, babbar cibiyar ilimin Musulunci da muka zo shiga, su ana ajiye su a Madinatul Bu'us da ke wajen Abbasiyya, ana ba su ɗaki da abinci. Mu da muka zo da kuɗin gida sai mu haɗa kai mu kama ɗaki biyu da falo a bene, mu raba kuɗin haya da na wuta da na tukunyar gas. A daren farko tuwon semo aka tuƙa da miyar kuka, aka yi hira da Hausa har tsakar dare. Na ji daɗi matuƙa. Daga baya ne na gane wannan daɗin shi ne babban haɗarin da ke jiran mai neman harshe.

Tsarin shiga yana da matakai, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Da farko ka je ofishin jakadancin Najeriya da ke Zamalik ka karɓo wasiƙar da ke shaida kai ɗan ƙasa ne mai neman karatu. Sai gwajin jini. Sai ka miƙa fayil ɗinka a sashen ɗalibai baƙi, a ba ka ranar jarrabawar da suke kira tahadidul mustawa, wadda da ita ake sanin matakin da za a ajiye ka a cibiyar Shaikh Zayid ta koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Matakan sun kama daga na masu farawa zuwa na tsakiya zuwa na waɗanda suka yi nisa, kowanne an raba shi biyu.

Jarrabawar akwai rubutu, akwai shifta, akwai ta baki. A rubutu ban sha wuya ba. Wani abokina da ya yi tsangaya tun yana ƙarami ya rubuta nasa da hannun allo, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Malamin da ke zagawa ya tsaya a kansa ya yi murmushi, ya ce wannan rubutun ƙasashen Magrib ne, ya tambaye shi ko da Warshu ya yi hadda. Ya ce eh. Malamin ya yaba, amma ya ce a nan zai saba da ɗigo irin na gabas. A ta baki kuwa, wani dattijo mai jar hula da farin rawani ya tambaye ni sunana da ƙasata, sannan ya ce in ba shi labarin tafiyata tun daga ƙofar gidanmu har zuwa kujerar da nake zaune. Kalmomin suna nan a kaina, amma kafin in fitar da jimla ɗaya sai na tsaya na duba mata i'irabi, wato wasalin ƙarshen kowace kalma, a zuci. Ya saurara har na gama, ya rubuta abin da zai rubuta. Aka sa ni a matakin tsakiya.

Ajinmu duniya ce a taƙaice. 'Yan Indonesiya sun fi kowa yawa, sai 'yan Malesiya da Tailan, ga 'yan Uzbekistan da Dagestan, ga mu 'yan Afirka. Babu harshen da ya haɗa mu sai wanda muka zo nema, saboda haka ko aron biro za ka yi dole da Larabci za ka nema. Kowa da inda harshensa yake tuntuɓe. 'Yan Asiya suna da ƙamus a ka da kyan rubutu amma suna jin nauyin buɗe baki. Mu kuma bakin a buɗe yake, sai dai wasu haruffa sukan haɗe mana: sa mai ɗigo uku da sinun da sadi duk mu mayar da su abu guda, zalun da zayun ma haka. Malaminmu yakan sa mu kama bakin harshe tsakanin haƙora mu yi ta maimaitawa har ajin ya fashe da dariya. Abin da ya fi ba ni wuya a makonnin farko shi ne karanta abin da yake rubutawa a allo, domin Misirawa da hannun ruƙ'a suke rubutu, haƙoran sinun a shafe, ɗigo biyu sun zama ɗan layi guda. Wanda ya saba da baƙin ɗab'i sai ya sake koyon gani.

Duk wannan a cikin aji ne. Da ka fito ƙofa sai ka tarar da wani harshe daban. Bamisire na Alƙahira yana mayar da jimun "ga", yana haɗiye ƙafun ya bar hamza a gurbinsa, yana yanke wasulan ƙarshen kalma, kuma yana gudu da magana. Idan ka yi wa mai kanti Larabcin littafi, wato fusaha, zai fahimce ka, domin ya yi makaranta kuma yana jin huɗuba. Wani zai yi dariya ya ce "sadaƙallahul azim", kamar ka karanto masa aya. Amma amsar da zai ba ka da ammiyya, wato Larabcin titi, za ta zo, kuma a nan gizo ke saƙa.

A gidanmu an kasu biyu kan wannan. Babban ɗalibin nan da ya tarye ni, wanda muke ce wa Malam saboda shekarunsa da karatunsa, ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanina, kada ka bari ammiyya ta shiga bakinka. Ba ita ta kawo ka ba. In ta shiga za ta ɓata maka fusaha, ka koma gida kana lahani a kan mumbari." Na ce, "To Malam, in na je kasuwa fa?" Ya ce, "Ka nuna da hannu, ka biya, ka dawo." Yana da hujjarsa, kuma na ga waɗanda abin ya faru da su. Amma na lura shi kansa, bayan shekarun da ya kwashe, idan maigadin benenmu ya zo da maganar kuɗin ruwa sai ya kira wani yaro ya yi masa tafinta.

Abin da ya yanke mini shawara ba kasuwa ba ce, masallacin Azhar ne. Masallacin nan Fatimiyawa suka fara gina shi a shekarar 970, aka buɗe shi a 972, kuma har yau ana zaman karatu a cikin ruwaƙansa, wato zaurukansa, kyauta, tun bayan asuba har dare. Ana liƙa jadawali, ka duba fannin da kake so, nahawu ko fiƙihun Malikiyya ko balaga ko hadisi, ka sayi littafin a shagunan da ke lungun bayan masallaci, ka zo ka nemi wuri a kan darduma. Shehi yana kan kujera, wani ɗalibi yana ja masa baƙi. Matanin da fusaha ake karantawa, sharhin farko ma da fusaha. Amma da zarar mas'ala ta yi tsauri, shehin ya ga idanu sun yi zuru, sai ya gyara zama ya sauko cikin harshen gidansu. A nan zai kawo misali da mai sayar da tumatir, ko da rigimar suruka da matar ɗa, a nan zai yi barkwancin da zai warware ƙullin gaba ɗaya. Misirawan da ke wurin su yi dariya su gyaɗa kai, mu kuma mu bi su da kallo. Wato daidai wurin da aka sauƙaƙa karatun, nan ne mu yake kuɓuce mana. Tun daga ranar na daina ganin ammiyya a matsayin abokiyar gaba.

Zama a wannan masallaci yana sa Bahaushe ya ji ba shi ne farau ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar domin ɗalibansu da alhazansu, kuma a cikin Azhar akwai ruwaƙin da aka keɓe wa Barnawa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan mahaifin marubucin tarihin nan al-Jabarti. Mutanen namu na wancan zamani a ƙafa da raƙumi suka keta Sahara. Idan na tuna haka nakan ji kunyar ƙorafin da nake yi kan cunkoson mota.

To amma a motar ne na fi koyo. Ƙananan bas-bas farare da suke kira mikrobas ba su da kwandasta. Kowa yana miƙa kuɗinsa daga baya, hannu zuwa hannu, yana faɗin na mutum nawa ne da canjin da yake bi, har ya isa ga wanda ke zaune a bayan direba. Shi wannan, ko ya so ko bai so ba, ya zama ma'aji: ya tara, ya ƙirga, ya ware canji, ya mayar wa kowa nasa, ya miƙa wa direba sauran. Da farko nakan guji kujerar nan, in kutsa can baya. Wata rana da yamma ita kaɗai ta rage. Kafin mu bar tasha takardun fam, kuɗin Masar, da sulalla sun fara zubo mini ta kan kafaɗa, wannan yana cewa biyu daga ashirin, waccan tana cewa ɗaya daga goma, wani tsoho yana neman ragowar canjinsa da ƙarfi. Gumi ya karyo mini duk da sanyin da ake yi. Wani saurayi da ke gefena ya riƙa maimaita mini lambobin a hankali, ni kuma ina rabawa. Da na miƙa wa direba ya ƙirga ya ga daidai, ya ɗaga kai ta madubi ya ce, "Tamam ya Shaikh." Daga nan na riƙa neman kujerar da gangan. Lissafin kuɗi da sunayen unguwanni da yadda ake ce wa direba ya tsaya a gefe, duk a nan suka zauna mini.

Wuri na biyu shi ne shagon shayi. Misirawa ba sa gajiya da zama a ahwa, suna shan shayi suna buga domino suna kallon ƙwallo. Da ka ce daga Najeriya kake, magoyin bayan ƙungiyar Zamalik zai ce Amunike, domin Emmanuel Amunike ya buga musu a farkon shekarun 1990, na Ahli kuma ya ce Ajayi. Ni da ba ma'abocin ƙwallo ba sai da na koyi abin cewa, saboda ita ce ƙofar hira mafi sauƙi. Dabarar da na bi ita ce in raba harsunan biyu da wuri: a aji da masallaci da rubutu fusaha zalla, a titi kuma in bi mutanen gari. Na sayi ƙaramin littafin rubutu na daban don abin da na tsinto a titi. Kuma na tashi daga gidan 'yan'uwa na koma zama da wani ɗan Indonesiya da wani ɗan Uzbekistan, ba don wani saɓani ba. Malam bai ji daɗi ba, amma duk Juma'a ina zuwa cin tuwo, zumunci bai yanke ba.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa wa mai shirin tafiya ba. Izinin zama sai an riƙa sabuntawa, kuma layinsa tun duhun asuba ake kamawa. Ka kai gaban taga a ce saura hatimi ɗaya, ka je ka dawo a ce ka zo gobe. Goben nan tana da tsawo. Haka kuma fatarka tana gabanka duk inda ka shiga. Yara a lungu sukan bi ka da kiran launinka, wani lokaci har da manya. Wasu da wasa suke nufi, wasu ba da wasa ba, kuma kunne yana rarrabewa. Ranar da na fara iya mayar da amsa cikin harshensu, ba da zagi ba, da irin zolayar da su kansu suke ji da ita, na ga abin ya ragu, wasu ma sun zama abokan gaisawa. Ban ce harshe yana maganin wariya ba. Yana dai hana ka tsayawa kamar gunki ana magana a kanka. A gefe guda kuma, a garin nan ne matar da ke sayar da gurasa a ƙasan benenmu ta ga ban fito ba kwana biyu, ta aiko ɗanta da miya mai zafi da lemon tsami.

Sanyi ma ya ba ni mamaki. A Disamba da Janairu gidajen siminti suna riƙe sanyi fiye da waje, sai ka ga mutum da bargo biyu da safa yana bitar darasi. Abinci kuwa bai yi mini nisa ba. Da safe wake ful da gurasa da ta'amiyya, wadda ƙosai ce ta waken nasu da aka niƙa da ganye. Da rana koshari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas da soyayyiyar albasa da miyar tumatir, mai arha mai riƙe ciki. Mulukiyyar da suke alfahari da ita lalo ce, karkade kuma zoɓo. Barkono ne dai sai ka zo da naka. Kuɗi su ne suka riƙa ba mu tsoro, musamman bayan watan Maris na 2024 da aka saki fam ta faɗi har dala ɗaya ta kusa fam 50, ga naira ita ma tana nata faɗuwar. Abin da aka aiko maka a farkon wata ba shi ne a hannunka ba a ƙarshensa.

A hutun tsakiyar shekara muka haɗa kuɗi mu huɗu muka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Aswan, tafiyar kusan kilomita 900 a gefen kogin Nilu. Gari ya waye mana a cikin gonakin rake da dabino, kore shar a bakin ruwa, daga bayansa kuma hamada ba ko ciyawa. A cikin jirgin na fara jin cewa ammiyyar ma ba ɗaya ba ce: mutanen kudu, Sa'idawa, ƙafun ɗin da ɗan Alƙahira ke haɗiyewa su "ga" suke mayar da shi, kuma maganarsu ta fi nauyi da natsuwa. A Aswan babu wanda ya waiwayo ya kalle mu. Nubawa baƙaƙe ne, suna da harshensu na kansu ban da Larabci, kuma da yawansu an tashe su daga garuruwansu a shekarun 1960 lokacin gina babbar madatsar ruwa da aka kammala a 1970. Wani mai kwalekwale ya ɗauka mu 'yan Sudan ne. Da muka ce Najeriya, sai ya ƙi karɓar kuɗin shayin da ya dafa mana a cikin jirginsa. Iskandariyya ma mun je daga baya, mun ga teku da ganuwar Ƙaitbai da babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, amma tafiyar yini guda ce, ba ta zauna mini kamar ta kudu ba.

Azumi ya same ni kunnena ya fara buɗewa. Titi ya cika da fitilun fanus, kuma gab da magariba ana shimfiɗa dogayen tebura a bakin hanya, ma'idatur Rahman, kowa ya zo ya zauna ya sha ruwa ba tambaya. Idan kana cikin mota aka kira salla, samari za su tare hanya suna cusa dabino da ruwa ta taga. Na zauna a irin teburin nan tsakanin wani ɗan dako da wani ma'aikacin gwamnati, muka yi hirar tsadar nama da yadda ake azumi a ƙasarmu, suka yi ta mamakin kunun tsamiya. Sai da na tashi na lura ban tsaya duba i'irabin ko jimla ɗaya ba.

Jarrabawar ƙarshen mataki ta zo da insha'i da ta baki. A ta baki aka ba ni batu aka ce in yi magana a kansa ba tare da takarda ba, na yi da fusaha, malamin ya gyara mini wuri biyu a jam'in kalmomi ya sallame ni. Wanda ya gama matakan cibiyar ana ba shi takardar shaida, da ita zai nemi jarrabawa ta gaba wadda za ta nuna ajin da zai shiga a ma'ahad, makarantar Azhar da ake bi kafin jami'a, sai fa in takardar sakandarensa tana cikin waɗanda Azhar ta amince da daidaitarsu. Tawa ba ta ciki, don haka na sake haɗa fayil, da wasiƙar ofishin jakadanci sabuwa da hotuna shida, na je na kama layi.